Ma'aunin Haske da Ma'aunin Lantarki: Darasi kan Auna Iskar Oksijin a Ɗakin Jinyar Masu Tamowa

Wannan darasi naku ne, ku ma'aikatan jinya da mataimakanku da masu kula da kayan aiki a sashen CRENI na asibitin gundumar Gure, da kuma takwarorinku na cibiyoyin lafiya na Gidigir da Kelle da Bune waɗanda ke turo yara zuwa can. Kun san yadda ɗakin jinya yake cika daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita. Kun san yadda tari da ciwon huhu ke ƙaruwa idan hunturu ya sauko da ƙurarsa. A waɗannan lokuta biyu, yaron da tamowa ta riga ta raunana yana iya rasuwa cikin dare ɗaya saboda ƙarancin iskar oksijin a jininsa, ko da madarar F-75 da magungunansa suna nan an tanada.

Duk wanda ya sa wa yaro tiyon iska a hanci yana da tambayoyi biyu a gabansa. Ta farko: oksijin nawa ne ya isa jinin yaron? Ta biyu: oksijin nawa ne yake fitowa daga injin da aka haɗa shi da shi? Na'urar da ke aiki da haske ita ce ke amsa ta farko, wadda ke aiki da lantarki da sinadari kuma ta amsa ta biyu. Kowace tana da inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗin mai aiki da ita, kuma ɗaya ba ta ɗauke aikin ɗaya.

Dalilin da ya sa ido kaɗai bai isa ba

An koya muku ƙirga numfashi: sau 60 ko fiye a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. An koya muku lura da shigewar ƙasan ƙirji, da buɗewar ƙofofin hanci, da gurnani, da kaɗa kai tare da numfashi. Waɗannan alamu suna da amfani, sai dai ba sa bayyana kullum. Yaron da tamowa ta cinye masa tsoka ba shi da ƙarfin da zai nuna wahalar numfashi a fili, yana iya kwantawa shiru har a ɗauka barci yake. Shuɗin harshe da dasashi yakan zo a makare, yana da wuyar gani da fitilar dare, kuma ga yaro mai tsananin ƙarancin jini yana iya ƙin bayyana gaba ɗaya.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafinta na 2016 kan ba yara oksijin, ta jingina shawarar a kan awo: a ba da oksijin idan awon ya gaza kashi 90 cikin 100, ko kuma ya gaza kashi 94 ga yaron da ya zo da alamun gaggawa kamar suma ko jijjiga ko daskarewar zagayen jini. An ga amfanin wannan tsari a aikace. A ƙasar Papuwa Niugini, binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2008 ya nuna cewa bayan an kai ma'aunin yatsa da injinan tace oksijin asibitoci biyar, tare da horar da masu jinya da masu gyara, haɗarin mutuwar yara masu ciwon huhu ya ragu da kashi 35 cikin 100.

Ma'aunin haske: abin da ake maƙala wa yaro

Wannan ita ce oksimita, ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsan hannu ko babban yatsan ƙafa, ko a naɗa wa jariri a tafin ƙafa. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970.

Ga yadda take aiki. A cikin jini akwai sinadarin himoglobin, wanda shi ne ke ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Idan ya ɗauki oksijin yakan yi ja wur, idan ya sauke kuma sai ya yi duhu. A gefe ɗaya na maƙalin akwai ƙananan fitilu biyu: ɗaya tana ba da jan haske mai tsawon zango nanomita 660, ɗaya kuma hasken da ido ba ya gani mai nanomita 940. A ɗaya gefen akwai ƙwayar da ke karɓar abin da ya ratsa yatsan. Himoglobin da ba ya ɗauke da oksijin yana shanye jan hasken da yawa, mai ɗauke da shi kuma ya fi shanye wancan marar ganuwa. Hikimar Aoyagi ita ce ya sa na'urar ta kula da ɓangaren hasken da ke hawa da sauka tare da bugun zuciya, domin wannan ɓangaren ne na jinin da ya taso daga huhu. Daga nan take lissafa kashi nawa na himoglobin ke ɗauke da oksijin, ta rubuta shi a ƙarƙashin alamar SpO2.

Alherinta a fili yake. Ba ta buƙatar allura, ba ta cin wani sinadari, tana ba da amsa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma baturi ya ishe ta. Amma tun da ta dogara ga haske da bugun jini, duk abin da ya taɓa ɗayansu zai taɓa amsarta. Ku riƙe waɗannan guda shida.

Na farko, sanyin jiki. Yaro mai tamowa mai tsanani yakan yi sanyi, musamman da asubahin watan Disamba da Janairu, kuma idan zafin hammatarsa ya gaza digiri 35 ya shiga haɗari. Jini ba ya isa ƙafa da hannu sosai, na'urar ta rasa bugun da za ta bi. Ku ɗumama shi a ƙirjin uwarsa, ku lulluɓe su tare, ku sake aunawa. Idan yana da alamun gaggawa, ku sa masa oksijin nan take, awon ya biyo baya.

Na biyu, motsi da girman maƙali. Maƙalin babban mutum ba ya zama daidai a yatsan ɗan wata 8, haske yakan bi ta gefe. Ku yi amfani da na yara ko na naɗawa, ku jira lambar ta tsaya, ku tabbatar bugun da na'urar ke nunawa ya yi daidai da wanda kuke ji da hannunku ko da abin sauraren ƙirji.

Na uku, hasken rana. Idan gadon yana bakin taga, ku rufe ƙafar da gefen zane kafin ku karanta.

Na huɗu, abin da ke kan fata. Baƙin lalle, jan farce da datti suna tare haske. Ku nemi yatsan da babu komai a kansa. Ƙafar da ta kumbura sosai ma tana wahalar da awo, sai a koma hannu.

Na biyar, launin fata. Binciken da masana na Jami'ar Michigan ta Amurka suka buga a Disamba 2020 ya kwatanta awon oksimita da awon jinin jijiya. A cikin awon da na'urar ta nuna kashi 92 zuwa 96, an sami ainihin awon ya gaza 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙar fata, da kashi 3.6 na farar fata. A kan manya aka yi binciken, amma darasinsa ya shafe mu: ga fata irin tamu, na'urar tana iya ƙara wa yaro maki kaɗan. Idan ta nuna 91 ko 92 alhali yaron yana fama da numfashi, kada lambar ta kwantar muku da hankali.

Na shida, abin da ba ta gani sam. Oksimita tana faɗin kashi nawa na himoglobin ya cika, ba ta faɗin yawan himoglobin ɗin kansa. Tulu ƙarami ma yana cika fal, amma ruwansa ba ya isar gida. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini yana iya nuna 98 yana kuwa gab da halaka. Saboda haka awon himoglobin yana nan a matsayinsa: ga mai tamowa mai tsanani, ana tunanin ƙarin jini idan ya gaza giram 4 a desilita, ko ya gaza 6 tare da wahalar numfashi. Haka kuma gubar hayaƙin gawayi, wato kabon monoksaid, tana kama himoglobin ta ba shi launin da na'urar ke ɗauka oksijin ne. Idan an kawo yaro daga ɗakin da aka kwana da kaskon wuta a rufe, lambar mai kyau ba hujja ba ce.

Ma'aunin lantarki: abin da ake haɗa wa inji

Masanin Amurka Leland Clark, wanda ya yi aiki kan injin da ke maye gurbin zuciya da huhu a lokacin tiyata, shi ne ya bayyana ma'aunin da ke ɗauke da sunansa a 1956. A cikinsa akwai ƙarfe biyu, filatinam da azurfa, a tsome cikin ruwan gishiri na musamman, an rufe su da siririn tantani wanda oksijin ke iya ratsawa. Idan aka ba ƙarafan ɗan ƙarfin lantarki, oksijin da ya ratso yakan ƙare a kan filatinam ɗin ta hanyar haɗuwar sinadarai, wannan kuma ya haifar da gudanar lantarki daidai gwargwadon yawansa. A nan babu ruwan na'urar da launi ko bugun zuciya, oksijin ɗin kansa take taɓawa.

Wannan dabara ce tushen injin gwajin iskar jini na manyan asibitoci. Ana zuƙo jini daga jijiyar da ke bugawa, a sa shi cikin inji nan da nan, ya faɗi matsin oksijin da ya narke a jini. Ga mai lafiya yakan kai milimita 80 zuwa 100 na ma'aunin matsi. Kashi 90 na oksimita ya yi daidai da kimanin milimita 60, kuma daga nan zuwa ƙasa himoglobin yakan saki oksijin da sauri ƙwarai, shi ya sa aka ja layi a 90. Sai dai wannan gwaji yana buƙatar allura a jijiyar yaron da jininsa ya riga ya yi ƙaranci, da sinadarai masu tsada, da wutar da ba ta yankewa. Ba shi ne kayan aikin kowace rana a ɗakinku ba.

Wanda ya shafe ku shi ne ɗan'uwansa, ma'aunin tsarkin iska na hannu. Ƙwayarsa tana aiki kamar baturi: a ciki akwai dalma da wani ƙarfe mai daraja kamar zinariya, oksijin da ya shiga yana cin dalmar, yawan lantarkin da ya fito kuma ya nuna kashi nawa na iskar oksijin ne.

Buƙatarsa ta taso ne daga yadda injin tace oksijin yake aiki. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 kawai, naitirojin kuwa kashi 78. Injin yana tura iskar ɗaki cikin tulu biyu masu cike da garin ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce. Lafiyayyen inji yakan ba da kashi 90 zuwa 95, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta ce kada ya gaza kashi 82. Ƙura tana toshe matatarsa, laimar damina tana lalata garin, zafin bazara yana gajiyar da injin matsa iskar, yawan ɗaukewar wuta kuma yana rage masa kwana. A Gure duk huɗun suna nan. Abin tsoro shi ne injin da garinsa ya mutu yana ci gaba da ƙara, ƙwallon ma'aunin gudu yana tsaye a lita 2, idan kuka tsoma bakin tiyo a ruwa kuma zai yi kumfa. Kumfar tana shaida cewa iska tana fita, ba ta shaida wace iri ce ba. Fitilar gargaɗi ta injin tana taimako, amma ita ma takan lalace.

Rauninsa ya bambanta da na oksimita. Ƙwayar tana ƙarewa ko da ba a aiki da ita, domin iskar ɗaki ma tana cin dalmarta. Yawanci shekara ɗaya zuwa biyu take yi, zafi kuma yana gajarta wannan. Saboda haka kada a sayi ƙwayoyin sauyi da yawa a jibge, kada a buɗe ledar sabuwa sai ranar sa ta, kada a ajiye na'urar a mota ko bakin taga. Kafin kowane awo a saita ta a iskar fili, nesa da bakin injin, har ta nuna 20.9. Idan ta ƙi tsayawa a nan, ko tana yawo, ƙwayar ta mutu, duk abin da ta faɗa kuma ba abin dogaro ba ne. Ruwa ma yana toshe tantaninta, don haka a cire kwalbar jiƙa iska kafin a haɗa ta.

Akwai wasu ma'aunan tsarkin iska da ba su da ƙwaya mai ƙarewa. Wasu suna auna gudun sauti a cikin iskar, wasu kuma suna da rini mai ƙyalli wanda oksijin ke dusashe haskensa. Idan irin waɗannan ne a wurinku, ku karanta takardar da ta zo da su, domin hanyar saita su daban ce. Tambayar da suke amsawa dai ita ce ta injin.

Yadda biyun ke haɗuwa a bakin gado

A ce cikin daren Janairu an kawo yarinya ƴar wata 10 daga wani ƙauye kusa da Gidigir. Awon damtsenta milimita 108, ƙasa da iyakar 115, tana numfashi sau 62 a minti, ƙasan ƙirjinta yana shigewa. Kun naɗa mata maƙali a ƙafa, lambar tana tsalle daga 74 zuwa 90, bugun da take nunawa kuma bai yi daidai da na ƙirjinta ba. Ƙafar sanyi ƙalau. Wannan lamba ba ta da amfani. Kun kwantar da ita a ƙirjin uwarta, kun ce mata: "Uwar ɗiya, wannan jan hasken ba ya ƙuna, ba ya shan jini, numfashinta kawai yake duba mana." Bayan ta ɗumama, lambar ta tsaya a 85, bugun kuma ya daidaita. Kun sa mata tiyon hanci a lita 1, daga baya kuka ƙara zuwa 2, wanda shi ne iyakar da aka tsara wa ƴan ƙasa da shekara ɗaya.

Bayan minti 20 lambar tana 86. A nan ne mai gaggawa zai ce ciwon ne ya yi tsanani. Ku bi hanyar iskar tukuna, daga hancinta zuwa injin: majina ta toshe hanci ko bakin tiyo? Tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashin tabarma ko ƙafar gado? Mahaɗin ya saki? Idan duk lafiya, ku ɗauko ma'aunin tsarkin iska, ku saita shi a 20.9, ku haɗa shi da bakin injin da ya riga ya yi aƙalla minti 5 yana aiki.

Idan ya nuna 50 ko 60, kun gano matsalar. Ku mayar da yarinyar kan wani inji ko tukunyar oksijin, ku rataya wa wannan alamar kada a yi amfani da shi, ku sanar da mai gyara da safe. Idan kuwa ya nuna 92, injin ya fita daga zargi, matsalar tana jikin yarinyar. Sai a kira likita ya duba ko ciwon huhun ne ya bazu, ko zuciya ce ta gaza saboda yawan ruwa, abin da ke saurin faruwa ga masu tamowa, ko kuma lokacin tura ta Damagaram ya yi. Tafiyar ta fi kilomita 150 a kan babbar hanyar da ta taso daga Difa, saboda haka kafin a ɗora yaro mai wahalar numfashi a mota ya kamata a tabbatar ba injin ne ya gaza ba, a kuma tabbatar tukunyar da za ta raka shi tana da abin da zai kai shi.

Aikin da ake nema daga gare ku

Ga yaro: ku auna kowane mai tamowa da oksimita tun shigowarsa, ko yana tari ko ba ya yi. Wanda ke kan oksijin a duba tiyonsa da hancinsa kowane awa 3, a rubuta lambar tare da yawan litar da yake sha, domin 94 a kan lita 2 da 94 ba tare da tiyo ba labari biyu ne. Idan ya fara samun sauƙi, a gwada cire masa sau ɗaya a rana, a tsaya a kansa minti 15 ana kallon lambar, a sake aunawa bayan awa ɗaya. Jaririn da aka haifa kafin lokacinsa kuwa kada a bar awonsa ya wuce 95 a kan oksijin, domin yawansa yana cutar da idonsa. A duk inda ƙa'idar jinya ta ƙasa ta yi bayani, ita za a bi.

Ga oksimita: ku gwada ta a yatsanku a farkon kowane aiki. Mai lafiya ya kamata ya ga 95 ko fiye. Ku goge maƙalin tsakanin yaro da yaro, kada ku naɗe wayar da ƙarfi, domin a nan ta fi karyewa.

Ga injin: a wanke soson matatar baya kowane mako, a lokacin hunturu ma fiye da haka, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. A janye injin daga jikin bango da labule. A auna tsarkin iskarsa a ƙayyadadden lokaci da kuma duk sa'ar da yaro ya ƙi farfaɗowa, a ƙaramin gudu da kuma mafi girman gudun da aka tsara masa, domin injin da ya fara gajiya a babban gudu yake fara nunawa.

Ga ma'aunin tsarkin iska: a rubuta ranar da aka sa ƙwayarsa a jikinsa, a nemi ta sauyi tun kafin ta cika shekara.

A wannan makon, ku buɗe shafi ɗaya a littafin ɗaki ga kowane inji: lambarsa, kwanan wata, awannin da ya yi yana aiki, kashin da ya bayar, da sunan wanda ya auna. Injin da ya ba da 93 a watan Yuni, 89 a Yuli, 85 a Agusta ya riga ya faɗa muku abin da zai yi a Satumba, watan da gadaje suka fi cika. Idan babu ma'aunin tsarkin iska a cibiyarku, ku rubuta buƙatarsa a rahoton wannan wata, ku kuma nemi a zo da shi a ziyarar dubawa ta gaba.